FASHIN BAƘI: Tsirrai Masu Yaɗo Da Suka Dace Da Gidan Da Ke Da Yara A Tambuwal Da Kebbe, Da Waɗanda Ya Kamata A Tuge

Da zarar damina ta kankama a watan Yuni, tsakar gidaje a Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe da Kuchi kan sauya kama cikin 'yan makonni. Irin kabewar da aka watsar a bayan madafi ya tsiro, duma ya kama danga, soso ya haye rumfa. Wasu daga cikin tsirran nan da niyya aka shuka su. Wasu kuwa tsuntsu ne ya kawo irinsu, ko iska, ko takin da aka kwaso daga turke. Mafi yawansu alheri ne ga gida, domin suna ba da inuwa da kayan miya da ƙwarya da abin wanka. Sai dai a cikinsu akwai 'yan ƙalilan da ƙwayoyi kaɗan daga 'ya'yansu sun isa su halaka ƙaramin yaro idan ya tauna. Abin damuwar shi ne mafi hatsarin cikinsu ya fi kowanne kyan gani.

Dalilin da ya sa batun ya shafi kowane gida

Jihar Sakkwato na cikin sassan Najeriya da suka fi zafi. Daga Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi kan haura digiri 40 da rana. Gidajen da aka yi wa rufin kwano sun yawaita, wutar lantarkin da za ta juya fanka kuwa ba abin dogaro ba ce. A irin wannan yanayi inuwa na cikin abubuwan da lafiyar jariri da tsoho da mai juna biyu ta rataya a kansu.

Bishiya ita ce mafita ta dindindin, amma darbejiya ko mangwaro na buƙatar shekaru kafin a zauna a ƙarƙashinsu. Tsiro mai yaɗo kuwa kan rufe rumfa cikin wata biyu, ba ya cin wuri, kuma irinsa ba shi da tsada. Shi ya sa sabbin ma'aurata da 'yan haya da masu ƙaramin fili suka fi karkata gare shi.

A nan ne bambancin da ya shafi yara yake. Bishiya na ɗaga 'ya'yanta sama, mai yaɗo kuwa daga ƙasa yake farawa, furensa da 'ya'yansa suna rataye daidai inda hannun ɗan shekara biyu ke kaiwa. Yaron da bai kai shekara biyar ba da baki yake gane duniya, kuma da yake jikinsa ƙarami ne, dafin da zai sa babba ciwon ciki kawai zai iya yi masa illa mai tsanani.

Yankin nan ya taɓa ganin abin da haɗarin da ke cikin tsakar gida ke yi wa yara. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara mai maƙwabtaka, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400, saboda ana daka duwatsun zinari a cikin gidaje, ƙurar na sauka a ƙasar da yara ke rarrafe. Dafin tsirrai bai kai wancan bala'i girma ba, amma darasin ɗaya ne: abin da babba ya saba gani har ya daina lura da shi, yaro a bakinsa yake sa shi.

Sanyin Turai daban, hunturun Sakkwato daban

Matashin da ya nemi shawara a intanet kan wannan batu zai tarar da jerin sunayen da aka rubuta domin Ingila da Kanada da arewacin Amurka. Tambayar farko a can ita ce ko tsiro zai tsira daga ƙanƙara. Ma'aikatar Noma ta Amurka ma ta raba ƙasar shiyya-shiyya bisa mafi tsananin sanyin da ake samu a shekara, kuma da wannan taswira masu lambu ke zaɓen abin shukawa.

Wannan ma'auni ba shi da amfani a Tambuwal. Sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana sa a kwana da bargo a hura wuta da asuba, amma ruwa ba ya daskarewa. Abin da ke kashe tsiro a nan shi ne busasshiyar iskar arewa maso gabas mai ɗauke da ƙura, da watanni bakwai ko takwas na rashin ruwa, sai kuma zafin bazara. Yawancin tsirran da waɗancan jerin ke yabawa ba za su kai Afrilu a raye ba, kuma babu ɗaya daga cikin jerin da zai ambaci fatakka ko karara. Don haka tambayoyin da suka dace da kudancin Sakkwato guda uku ne. Shin tsiron zai jure fari da zafi? Shin akwai dafi a wani sashe nasa, ko 'ya'ya ko saiwa ko ƙaro? Shin kamanninsa na jan hankalin yaro?

Waɗanda bai kamata su zauna a gidan yara ba

Na farko shi ne idon zakara, wanda masana ke kira Abrus precatorius. Siririn tsiro ne mai naɗe danga da ƙananan itatuwa, ganyensa ƙanana jere biyu-biyu kamar na tsamiya. Idan kwanson ya bushe ya tsage, sai ƙwayoyi ja wur masu baƙin ɗigo su bayyana, suna sheƙi tamkar duwatsun ado. A cikinsu akwai sinadarin abrin, wanda ke hana ƙwayoyin halittar jiki ƙera furotin, kuma har yau ba shi da makari. Ƙwayar da aka haɗiye da ɓawonta lafiya lau tana iya wucewa ba ta fashe ba, amma wadda aka tauna ko aka huda tana sakin dafin. Alamomin kan jinkirta na sa'o'i, wani lokaci har kwana ɗaya ko fiye, kafin amai da gudawa mai jini su fara. A 2011 wata cibiyar lambu ta yawon buɗe ido a Ingila mai suna Eden Project ta janye wasu awarwaro da take sayarwa bayan an gano da wannan ƙwaya aka yi su. Abin da ke ƙara ruɗar mutane a nan gida shi ne ganyensa na da zaƙi, kuma ana amfani da shi a maganin gargajiya na tari, sai a ɗauka duk tsiron haka yake.

Na biyu shi ne baurairai, wanda wasu ke kira gatarin kurege, masana kuma Gloriosa superba. Da damina yake fitowa daga saiwar da ta kwana a ƙasa, bakin kowane ganye na da ɗan ƙugiya da yake kama abin hawa, furensa ja da rawaya kamar harshen wuta. Kyansa ya sa Zimbabuwe ta ɗauke shi furen ƙasa. Amma kowane sashe nasa na ɗauke da sinadarin colchicine, musamman saiwar, wadda ke kama da ƙaramar doya. A Indiya da Siri Lanka an sha kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasu, bayan sun ci ta bisa kuskure. Yanke shi daga sama ba ya wadatarwa, dole a haƙe saiwar.

Na uku ita ce fatakka, Pergularia tomentosa, mai ganye toka-toka mai laushi da farin ƙaro. Majeman ƙasar Hausa sun daɗe suna amfani da ita wajen cire gashi daga fata. Tana ɗauke da sinadaran da ke rikita bugun zuciya, kuma tana kashe dabbobin da suka ci ta da yawa. Tana son busasshiyar ƙasa mai yashi, saboda haka takan tsiro da kanta a gindin danga.

A wannan sahu akwai kwankwani, dangin Strophanthus, wanda daga 'ya'yansa maharban dā ke haɗa dafin kibiya. A kurmi da bakin rafi ya fi fitowa, kuma can ya kamata a bar shi. Sai karara, Mucuna pruriens, wadda gashin kwansonta ke haddasa ƙaiƙayi mai tsanani. Idan ta bushe da hunturu, iska na kwasar gashin ta watsa a kan shanya da shimfiɗa.

Akwai kuma waɗanda ba sa yaɗo amma a jikinsu masu yaɗon ke hawa, domin da su ake yin shinge. Bini-da-zugu na da 'ya'ya masu ɗanɗano kamar gyaɗa, shi ya sa yara kan ci su a rukuni, su kama amai da gudawa tare. Zurma na ɗauke da ricin, ɗan'uwan abrin. Zaƙami na gusar da hankali, yana sa zazzaɓi da saurin bugun zuciya. Ƙaron aguwa da na tumfafiya kuwa na ƙona ido. Wanda ya tsabtace rumfarsa ya bar waɗannan a shinge bai gama aiki ba.

Waɗanda za a shuka da kwanciyar hankali

Kabewa ce kan gaba. 'Ya'yanta da ganyenta da irinta duk abinci ne, faffaɗan ganyenta na yin inuwa mai kauri, ga miyar taushe a ƙarshen damina. Abin lura kawai shi ne nauyi: kabewar da ta girma a saman rumfa tana buƙatar abin tallafi, don kada ta faɗo kan yaro.

Soso na biye mata. Yana son zafi, yana hawa da sauri fiye da kabewa, 'ya'yansa ba su da nauyi sosai, kuma idan sun bushe gida ya samu abin wanka da na wanke-wanke. A ƙasashen Asiya ana cin ɗanyun 'ya'yansa kafin su ƙosa. Wanda aka ɗanɗana aka ji ɗaci, kada a ci shi.

Waken gida mai yaɗo ya dace da gajeriyar danga. Yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, a ci ganye da 'ya'ya, a ba dabbobi harawa. Dankalin Hausa ba ya hawa sosai, amma yana rufe ƙasa ya rage ƙura, kuma ganyensa na shiga miya. A kula kada a rikita shi da duman rafi, wanda ya yi kama da shi a fure amma yake cutar da awaki da tumaki.

Waɗannan duka na shekara ɗaya ne, kuma a nan wata matsala take. Suna bushewa da kaka, alhali inuwa ta fi zama dole a Afrilu. Hanyoyin magance wannan uku ne. Ana iya barin busasshen yaɗon a kan rumfa a ƙara masa zana. Ana iya sake shuka soso ko kabewa a ƙarshen hunturu, lokacin da dare ya fara ɗumi, a riƙa ba su ruwan alwala da na ɗauraya wanda ba shi da sabulu mai yawa. Ko kuma a koma ga masu daɗewa.

Cikin masu daɗewa, yaɗiya ce ta fi dacewa da wannan ƙasa. Tana zama kore a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe, ba ta neman ban-ruwa idan ta kama, kuma an daɗe ana dafa ganyenta a ci a arewacin Najeriya da Nijar, musamman a shekarun da abinci ya yi wuya. Inabi ma na yiwuwa ga mai rijiya ko famfo, kuma manoman Kudan a Jihar Kaduna sun nuna yana yi a Arewa. Sai dai yana son sassabe a kan lokaci da kulawa. Ƙwayarsa kuma na iya shaƙe yaron da bai kai shekara biyar ba, don haka a tsaga ta a tsaye kafin a ba shi.

Na tsaka-tsaki

Duma ba abin tsoro ba ne a taɓa ko a zauna ƙarƙashinsa, kuma babu mai son gidan Bahaushe ya rasa ƙwarya da ludayi da gora. Amma cikin duma mai ɗaci na ɗauke da sinadarin cucurbitacin, mai sa amai da gudawa da faɗuwar hawan jini. Tsananin ɗacin kan sa yaro ya tofar, wannan kuwa kariya ce. Haɗarin ya fi yawa a lokacin fafe ƙwarya, idan aka zubar da cikin da ruwan jiƙon a inda yara da dabbobi ke kaiwa.

Garafuni sananne ne a girki da maganin gida, kuma dafaffen ganyensa ba shi ne abin damuwa ba. Nunannun 'ya'yansa ne ke fashewa su nuna jajayen ƙwayoyi masu jan ido, kuma cin su da yawa na ɓata cikin yaro. Idan za a bar shi, a riƙa tsinke 'ya'yan kafin su nuna.

Furen nan mai ƙaya da ke lulluɓe katangun gidajen birni, wanda ake kira Bougainvillea, yana jure fari sosai kuma dafinsa ba mai tsanani ba ne. Matsalarsa ƙaya ce, mai tsini da ke iya samun ido ko tafin ƙafar da ba takalmi. Wurinsa bayan katanga ne. Duk wani furen ado da aka saya a bakin titi wanda mai sayarwa bai san sunansa ba, musamman mai farin ƙaro, a ɗauke shi a matsayin abin zargi har sai an tabbatar.

Rumfar kanta

Zaɓen tsiro rabin aiki ne. Rumfa ta fi amfani a yammacin ɗaki, inda ranar la'asar ke dukan bango, danga mai yaɗo kuma a arewa maso gabas domin tare ƙurar hunturu. Kada a bar yaɗo ya kama katangar ƙasa kai tsaye, domin yana riƙe danshi, yana ɓoye tsagewa da hanyar gara, kuma katangar da ta jiƙe da damina na iya rushewa. A kafa ginshiƙai da ɗan tazara daga bango, a binne su sosai, tunda yaro zai gwada hawa ko an hana shi.

A riƙa sassabe ganyen ƙasa har zuwa gwiwar babba, a share busasshen ganye, don kada maciji da kunama su samu maɓoya. A rufe duro da randar ban-ruwa saboda sauro da kuma faɗawar yara. Maganin ƙwari kuwa sau da yawa ya fi tsiron kansa hatsari. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da maganin dichlorvos a kasuwanni saboda yawan gubar da yake jawowa. Kabewar da aka fesa wa irin wannan ta fita daga sahun marasa illa, haka kuma kwalbar lemon da aka zuba ragowarsa a ciki tarko ce ga yaro.

Idan yaro ya riga ya ci

A cire abin da ya rage a bakinsa, a kurkure da ruwa. Kada a tura masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri. Waɗannan ba sa karya dafi, suna iya sarƙe shi su shiga huhu, kuma suna cin lokacin da ya kamata a yi amfani da shi a hanyar asibiti. Gawayin da likitoci ke bayarwa na musamman ne, gawayin murhu ba ya maye gurbinsa.

A tsinko reshen tsiron da 'ya'yansa, ko a ɗauki hotonsa da waya, a riƙe lokacin da abin ya faru da kimanin yawan da ya ci, a nufi asibiti mafi kusa. Ko da yaron na wasa lafiya lau, a tafi, domin idon zakara da baurairai kan yi shiru kafin su nuna kansu. Idan ƙaro ne ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kimanin minti 15 kafin a kama hanya. Idan yara da yawa ne suka yi wasa tare, a bincika dukkansu.

Inda alhakin hukuma yake

Daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tafiya ce ta kusan kilomita 100, daga ƙauyukan Kebbe kuwa ta fi haka. Ma'ana, sa'o'in farko na yaron da ya ci dafi a hannun ma'aikacin ƙaramin asibiti suke. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa zuwa farkon 2023, ƙasa da rabin ƙasashen da ke cikinta ne ke da cibiyar ba da shawara kan guba, kuma Afirka na cikin inda giɓin ya fi faɗi. A inda babu irin wannan cibiya, ilimin da ke kan ma'aikacin da ke bakin aiki shi ne kawai madogara.

Hanyoyin kuɗin da za su iya gyara wannan suna nan a doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ta ɓangaren shuka kuma, Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma da doka a 2015, tana kuma cikin jihohin Arewa 19 da ke cin gajiyar shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disamban 2021.

Tambayoyin da matasan mazaɓar Kebbe da Tambuwal za su iya kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da wakilansu a majalisa ba masu tsada ba ne. Shin an taɓa zagaya makarantun firamare da na Islamiyya an duba abin da ke tsiro a shingensu? Shin akwai hoton waɗannan tsirrai da sunayensu na Hausa a bangon kowane ƙaramin asibiti, kamar yadda ake liƙa na rigakafi? Shin ma'aikatan sun san abin yi a sa'ar farko, kuma akwai motar da za ta ɗauki yaro zuwa babban asibiti? Idan ana rabon dashe, shin ana faɗa wa mai karɓa sunan abin da aka ba shi da inda ya dace a dasa shi?

Kafin a samu amsa, akwai aikin da ba ya jiran kasafin kuɗi. Tsofaffin mata da makiyaya da majema sun san waɗannan tsirrai da sunayensu tun kafin a rubuta su a littafi, kuma ilimin nan yana raguwa a hannun masu tasowa. Zagaye ɗaya na tsakar gida da shinge tare da wata tsohuwa, sau ɗaya da farkon damina, sau ɗaya kuma da kaka lokacin da kwanso ke tsagewa, ya isa a gane abin da za a bari da abin da za a tuge. Abin da aka tuge a haƙa rami a binne shi da 'ya'yansa, kada a jefa shi a juji inda yaran maƙwabta ke wasa.